Jigon Idirisa a Bakin Teku

Idirisa Maidawa mutumin Jiratawa ne, kuma duk wanda ya saurari maganarsa ya san ɗan garka ne. Yakan faɗi 'yan kalmomi, ya tsaya, ya ja numfashi, sannan ya ƙarasa, kamar mai jiran guga ta cika a rijiya. Aikin da ya tashi da shi ke nan a garkar mahaifinsa da ke bakin Gulbi. Ya danna sandar jigo guga ta nutse, ya saki, curin lakar da ke ɗaure a ɗaya ƙarshen ya ɗago ta, ya juye, ruwa ya bi hanya fangali bayan fangali yana shayar da albasa da taba. Har ya zama saurayi bai taɓa wuce kasuwar Maraɗi ba.

Ba a daɗe da ruwan da ya ci tsohon garin Maraɗi ba kumandan na Faransa ya aiko neman samarin soja. Aka duba kafaɗun Idirisa aka ce ya yi. Daga kamyo, babbar motar soja, zuwa jirgin ƙasa, daga nan zuwa jirgin ruwa, sai ga shi a tsibirin Madagaska, inda mutanen ƙasar suka tayar wa Faransa.

Aka tura su daji. In sun shiga ƙauye sun tarar mutane sun gudu, sai a miƙa wa wasunsu wuta a ce su cinna wa rumbunan shinkafa. Idirisa manomi ne, ya san abin da ke cikin rumbu: damina guda ce ta mutum da iyalinsa. Ya cinna, don ba a gardama da oda, amma daga ranar abinci ya daina wuce masa.

Cikin rundunar akwai Sha'ibu, Bagobiri daga Tsibiri, mai zane a kumatu da baki kamar reza. Shi ne ya lura.

"Kai Bakatsine, ci shinkafarka. Ko jira kake a dama maka fura?"

"Ba ta wucewa, Sha'ibu. Ƙaurin waccan nike ji cikinta."

Sha'ibu bai sake zolayarsa ba ran nan.

Ana haka sai wani Nasara masanin halittun teku ya roƙi a ba shi soja biyu aro, ɗaya mai ɗaukar kaya, ɗaya mai dafa abinci. Sarjan ya zaɓi Idirisa saboda kafaɗu. Sha'ibu kuwa ya rantse cewa a gidan sarauta ya koyi girki, alhali ko kunu bai taɓa damawa ba. Kafin su hau kamyo sarjan ya ja musu kunne: duk wata zai kawo musu abinci da kansa, kuma duk wanda Nasara ya yi kuka da shi, a kamyon nan zai komo daji.

Masanin dogo ne siriri, rana ta ƙone masa hanci har yana saɓa. Suka sa masa Mushe Dogo, don Mushe ake kiran Bafaranshe. Bukkarsa na kan wani falalen dutse a bakin teku, kusa da ƙauyen masunta. Da Faransancin bariki da nuni da hannu suke fahimtar juna.

Aikin ba agogo ke tsara shi ba, teku ne. Wannan shi ya fara ba Idirisa mamaki. Gulbin garinsu sai shekara ta zagayo yake zuwa ya koma. Wannan kuwa kullum sai ya ja da baya ya bar fili, ya dawo, ya sake ja. In ya ja, ko tsakar rana ce, sai su sa takalman tamfol su shiga. Mushe Dogo a gaba da wani akwati mai gindin gilashi, Idirisa a baya da igiya da guduma da kurfi da bokiti.

Ranar farko Mushe ya ɗora akwatin a kan ruwa ya ce ya leƙa. Idirisa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Daji ne sosai a ƙarƙashin ruwa. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwar rago, wani shimfiɗe kamar faifai. Kifaye na ratsawa, wani shuɗi kamar an tsamo shi daga karofi, wani rawaya. Ga wani mai bakin aku yana gurgurar dutse, har ana jin ƙurus, ƙurus.

Mushe ya ce wannan duka murjani ne, dangin wanda mata ke ratayawa a wuya, kuma ba dutse ba ne, dabba ce. Ƙananan halittu ne masu baki da hannaye, su ke gina gidan su zauna a kai.

Da Idirisa ya ba Sha'ibu labari wajen murhu, sai ya ajiye muciya.

"Dutse dabba? To gobe ka zo ka ce mini turmi ya haihu."

"Na ga abin da idona."

"Rana ta bugi Nasara, kai kuma ka ɗauka. Kawo gishiri."

"Ka riga ka zuba sau biyu."

Kullum haka suke fita. A shimfiɗa igiya bisa murjani, Idirisa ya riƙe ƙarshe, Mushe ya bi ta yana duba abin da ke ƙarƙashinta. In ya nuna reshe, Idirisa ya sa kurfi ya ɓalle ɗan kaɗan, ya sa a bokiti tun a cikin ruwa, don ba a so iska ta daɗe a kansa. Murjani kaifi gare shi, kuma yankansa ba ya saurin warkewa, sai a matsa lemun tsami a cije baki. Wata rana Idirisa ya taka wata halitta mai kama da bushiya, ƙayoyinta suka karye a diddigensa, sai da wani tsoho mai kwalekwale ya zauna ya cire masa. In ruwa ya fara dawowa sai a yi sauri, don ba ya jira. Da yamma kuma a jera kwalabe, a zuba wani ruwan magani mai sa hawaye, Mushe ya zauna yana zana abin da aka samo.

Idirisa ya koma cin abinci, har na Sha'ibu, wanda ko karnukan masunta sai sun yi shawara kafin su ci.

Abu guda ke damun Mushe Dogo. Yana so ya ajiye murjani da rai kusa da shi, ya ga yadda yake ci da yadda yake girma. Ya raba gangunan katako biyu-biyu, suka zama kamar kwamin shayar da shanu, ya jera su bayan bukka. Idirisa ke cika su da bokiti daga teku. Amma duk abin da aka sa ciki, 'yan kwanaki kaɗan sai ya fara fari ya mutu. Da ƙyar aka samu wani rukuni da ya ɗan jure. Cikinsa akwai wani mai launin shuni wanda Mushe ya daɗe yana nema, har yakan tsuguna yana yi masa magana.

Sai tafiya ta kama Mushe zuwa birni don karɓo kwalabe. Ya kira Idirisa ya nuna masa kwamayen.

"Ka kula da su. Kada ruwan ya yi ƙasa."

Washegari aka yi wata rana mai zafi, ba iska. Idirisa ya zo duba kwamaye, ya ga wani farin abu ya kama bakinsu. Ya san wannan farin. A Jiratawa in kanwa ta taso ta yi fari a bakin fangali, shuka ƙonewa take, kuma maganin abin guda ne: a malala mata ruwa mai daɗi har ya wanke. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, gishiri ya yanki harshensa. Ya ce a ransa, ashe abin da ke kashe bayin Allahn nan ke nan, Nasara bai gane ba.

Ya nufi tano, gangar ruwan sama da suke sha, da bokiti. Sha'ibu ya tare shi.

"Ina za ka da ruwan shanmu?"

"Gishiri ya yi musu yawa."

"Mu mu sha mi? Kai, wanga mutum! Duwatsu za ka shayar ka bar mutane?"

"Amana ce a hannuna, Sha'ibu. Mu muna iya haƙuri, su ba su da bakin faɗi."

Ya kwashe ruwan teku daga kwamayen, ya cika su da ruwan sama mai sanyi, a hankali, yana tare ruwan da tafin hannu kamar yadda ake yi wa dashe. Ran nan da ƙishi ya wuni, ransa fari.

Kafin la'asar ruwan ya yi yauƙi. Da gari ya waye wari ya kai har wajen murhu. Duk abin da ke cikin kwamayen ya koma fari fat, har mai launin shunin.

Mushe Dogo ya dawo, ya bi kwamayen ɗaya bayan ɗaya. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Sannan ya cire hularsa ya buga da ƙasa.

"Ruwan sha! Ruwan sha ka zuba musu? Guba ce gare su! A cikin gishiri aka halicce su!" Ya juya zai shiga bukka, ya waiwayo. "Ran da kamyo ya zo, ka bi shi."

Wata kuwa ya riga ya yi nisa, zuwan kamyo ya kusa.

Idirisa ya kwashe gawarwakin murjanin ya tara gefe, ya wanke kwamayen da yashi. Sha'ibu ya kawo masa abinci, ya dawo ya tarar da shi yadda ya ajiye.

"Ka je ka ba shi haƙuri mana. Ka faɗi ƙasa, ka yi kuka in ta kama. Ni sai in koya maka."

"Haƙuri ba ya tashe su."

Ya je dai, amma ba haƙurin ya bayar ba. Ya tsaya a ƙofar bukka har Mushe ya ɗago kai.

"Mushe, ni na kashe su, ban musa ba. Amma tun kafin in zuba nawa ruwan suna mutuwa. Mi suke so?"

Mushe na cikin fushi, amma mutum ne da ba a tambayarsa zancen murjani ya yi shiru. Ya ce nasu ruwan suke so, na teku, mai sanyi, kuma mai tafiya. Ruwan da ya kwanta a kwami zafi yake yi ya mutu, kafin a kawo wani bokitin sun galabaita. A ƙasarsu inji ke tura ruwa ya ratsa ta kansu ba tsayawa.

"Nan kuwa ina inji?" Ya koma kan zanensa.

Idirisa ya fita ya tsaya a bakin falalen. Ƙarƙashinsa akwai wani rami mai zurfi wanda ko teku ya ja ba ya ƙafewa. Ya dubi ramin, ya dubi kwamayen, ya auna tsakaninsu da ido. Rijiya ce da garka.

Ya je wurin tsohon da ya cire masa ƙaya, da nuni da hannu ya samo tsohuwar sandar jirgi da gora masu kauri. Ya kafa gwafa biyu a tsagar dutse, ya gitta itace, ya ɗaura sandar a kai. Masunta suka taru suna kallo, mata na dariya suna nuna wa juna.

Abin bai zo da sauƙi ba. Laka babu a wurin, yashi ne zalla, ba ya curuwa. Sai ya zuba murjanin da ya kashe cikin buhu ya ɗaura a gindin sandar, nauyin ya yi daidai. Kafin ya gama murna igiyar ruwa ta zo ta tumɓuke gwafa ɗaya, sandar ta faɗo ta kusa fasa ƙafar Sha'ibu, wanda ya bar tukunya ya zo riƙe masa.

"La ilaha! Soja bai kashe ni ba, jigon Jiratawa za shi kashe ni a ƙasar mutane!"

"Riƙe nan, ka rage surutu."

"Ka ga inda anka taɓa ban ruwa da teku? Albasar mi za ka shuka?"

Suka sake kafawa, suka danne da manyan duwatsu. Idirisa ya tsaga gora ya fasa gaɓoɓin, ya haɗa su suka zama hanyar ruwa. Ya sake jera kwamayen, kowane ya ɗan fi na gabansa tudu, ya yanke bakin kowane kaɗan don in ya cika ya zuba wa na ƙasa, na ƙarshe kuma ya mayar wa teku. Ya yi musu rumfa da ganyen kwakwa.

Saura guga. Ya samo fatar akuya jemammiya yana shirin ɗinkawa, sai ya ji inuwa a kansa. Mushe Dogo ne. Tun zancen inji a ƙofar bukka bai sake kula shi ba.

"Ba da fata ba. Abin da aka jeme ta da shi zai shiga ruwan."

Ya koma bukka ya fito da tamfol ya jefa masa. Ya kuma ɗaura ƙyalle a bakin gora don tace yashi, ya tafi abinsa.

Idirisa ya yi bisimilla ya danna sanda. Ta yi ƙara irin wadda ya sani tun yana yaro, guga ta nutse, buhu ya ɗago ta. Ruwa ya bi gora, ya cika kwamin farko, ya gangara na biyu. Matan masunta suka daina dariya suka matso.

Da teku ya ja suka fita su biyu suka ɗebo sabon murjani. Mai launin shunin dai ba su sake samun irinsa ba, kuma Mushe bai ɓoye cewa abin na ci masa rai ba.

Daga nan Idirisa ya tare a gindin jigo. Tun sanyin safiya har rana ta faɗi yana ja, sai iska ta yi sanyi yake sauka. In teku ya yi ƙasa ya ƙara igiya, in ya cika ya rage. Gishiri ya tsattsage masa tafin hannu, ya naɗe da tsumma ya ci gaba, yana 'yan waƙoƙin garka ƙasa-ƙasa. In zai yi salla ko lokacin fita da Mushe ya yi, Sha'ibu ke karɓarsa. Ya koya da sauri, yana ja yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro jigo.

Kwanakin da murjani ya saba mutuwa suka zo suka wuce. Wata safiya Mushe ya yafito Idirisa, ya miƙa masa gilashin ƙara girma. Idirisa ya sunkuya a kan kwami. Duk jikin reshen ya buɗe da wasu ƙananan furanni, kowane da 'yan hannaye yana kaɗawa cikin ruwan da ke wucewa, yana kama abin da ido ba ya gani yana kaiwa baki.

"Suna ci," in ji Mushe.

"Suna ci," in ji Idirisa. Ya kira Sha'ibu ya zo ya gani.

Sha'ibu ya leƙa, ya daɗe. "To. Allah mai iko. Amma dai ba a miya da su."

Zancen kamyo kuwa Mushe bai tayar ba, Idirisa ma bai tambaya ba. Ya ɗaure 'yan kayansa ya ajiye a gindin gwafa.

Ran da kamyon ya zo, yana kan ja. Ya ji ƙugin mota, bai waiwaya ba. Sarjan ya sa aka sauke buhunan shinkafa, ya zagayo bayan bukka, ya tsaya yana kallon sanda na hawa da sauka.

"Yaya yaran nawa, Mushe? Akwai wanda zan koma da shi?"

Mushe Dogo na tsugune a bakin kwami da fensir. Ya nuna Idirisa da shi.

"Wancan ya kashe mini aikin da na daɗe ina tarawa. Na ce masa zai bi ka."

"Shi ke nan. Kai, ɗauki kayanka."

Idirisa ya juye gugar da ke hannunsa, ya saki sanda, ya sunkuya ya ɗauki ƙunshinsa. Ruwan gora ya fara raguwa, ya koma ɗiga. Mushe ya dubi gorar.

"In ka tafi da shi, wa zai ja mini wannan?"

"Ga ɗaya nan," in ji sarjan. "Kai kuku, zo ka kama."

Sha'ibu ya taho yana goge hannu a wando, ya ƙame, ya sara. Ya kama sandar kamar bai taɓa ganinta ba. Ya danna da ƙarfin tsiya, guga ta bugi dutse. Ya sake dannawa ta cika, sai ya saki gaba ɗaya. Buhu ya faɗi, guga ta yi sama ta karkace, ruwan teku ya sauka a kan sarjan tun daga hula har takalmi.

"Wayyo, sarjan, a gafarce ni! Mu Gobirawa doki munka sani. Wanga aikin sai mutanen Jiratawa, da shi aka haife su."

Mushe Dogo ya sha ganin Sha'ibu na jan jigon nan lafiya lau. Ya dube shi, ya dubi Idirisa da ke tsaye da ƙunshi a hannu da tsumma a tafi. Sannan ya mayar da kai kan zanensa.

"Ka gani, sarjan. Bar mini shi. Kai kuma ajiye kayan nan, ruwa ya tsaya."

Idirisa ya ajiye, ya karɓi sandar. Sarjan ya tafi yana matse hula yana zage-zage. Sai da ƙugin kamyon ya ɓace Idirisa ya yi magana, bai daina ja ba.

"Doki, ko? Kai da ko jaki ba ka da shi."

"Rufe mini baki. Yau kai za ka wanke tukunya."

A bakin tekun nan ya ƙarasa aikin sojansa, bai sake shiga dajin ba. Tun kafin Faransa ta bar ƙasa ya komo Jiratawa, ya karɓi garkar mahaifinsa, ya yi aure, yana kai albasa kasuwar Maraɗi a kan jaki. Ba mai yawan ba da labari ba ne. In an matsa masa da tambayar yaƙi, sai ya ce shi ban ruwa ya yi a can, a je Tsibiri a tambayi Sha'ibu sauran.